Mudu Biyu a Garejin Mota

Tambayar farko da na yi wa mai garejin ita ce ta kusa cinye ni, kuma ita ce tambayar da kusan kowa yake yi. Na nuna motata, na nuna tasa, na ce, "Alhaji, in na bar maka wannan na ɗauki waccan, nawa zan cika?"

A 2023 ne, bayan babbar salla. Corolla ce ƙirar 2010, ta shekara shida a hannuna, daga Aboabo zuwa wurin aiki, daga wurin aiki zuwa makarantar yara, wani lokaci har Tamale in tafiya ta kama. Iyali sun ƙaru, hanyar unguwarmu kuma in damina ta sauka gajeriyar mota tana jin jiki, shi ya sa na sa ido kan wata RAV4 da ke ajiye a wani gareji a bakin titi nan Kumasi. Mai garejin bai fara da buɗe bonet ba. Ya zaga baya ya tsaya a kan lamba, ya ɗan jima yana kallonta, sannan ya shafa ƙofa da tafin hannu, ya leƙa ciki, ya sa yaronsa ya tayar da inji. Ya ce tasa sidi dubu 200 ce, tawa kuma saboda mutunci zai ɗauke ta a dubu 70. Muka yi ta ja, har ya ɗaga tawa zuwa dubu 80. Ciko dubu 120. Raina ya yi fari, don ban zaci wani zai taya ta haka ba.

Mastan, wato babban makanikin da ke duba mini mota a Magazin, unguwar masu gyaran mota da ke Suame a nan Kumasi, tun ina kan babur, shi ya raka ni, bai ce uffan ba sai da muka bar wurin. Ya ce, "Malam, kada ka ba da ko kafin alƙalami yau. Gobe ka turo ƙanenka, ya zo a ƙafa, ya tambayi kuɗin motar nan kamar mai kuɗi a hannu." Haka aka yi. Ƙanena bai yi minti ashirin ba aka sallama masa a dubu 185. Lissafin ba shi da wuya. In motarsa dubu 185 ce, ni kuma zan cika dubu 120, to tawa a dubu 65 ya saya. Dubu 15 ɗin nan a baki kawai take. Ya ɗora ta a kan tasa, ya ɗora ta a kan tawa, suka cinye juna, ni kuma na tafi gida ina ganin an mutunta ni.

Musayar mota ciniki biyu ne, kana sayarwa kana saye a zama ɗaya. Duk wanda ya dunƙule maka su ya miƙo maka ciko kawai, ya rufe maka ido a kan dukansu biyun. Wannan shi ne ɓangaren da ake gani. Wanda ya fi ci mini rai yana ƙarƙashinsa: a yawancin garejinmu da mudu ɗaya ake auna motar da ka kawo, da wani mudun dabam ake auna wadda za ka ɗauka.

Bari in fara ba mai gareji haƙƙinsa, don akwai masu ganin duk tayin da ya gaza kuɗin kasuwa zalunci ne, ni kuwa ban yarda da haka ba. Mai gareji ba ya sayen motarka don ya hau. Lissafinsa daga ƙarshe yake farawa: nawa za ta fita daga hannuna, kuma yaushe? Daga nan sai ya riƙa cirewa yana saukowa. Zai cire fenti, don shekara shida a ranar Kumasi ta cinye rufin. Zai cire tayoyi, da gyaran ƙafa, da wankin kujeru, da gas na esi. Zai cire la'adar wanda zai kawo mai saye, da kuɗin fili, da na maigadi, da na yaron da ke goge ƙura kowace safiya. Zai cire ribarsa. Sannan zai cire wani abu da mu masu mota ba ma lissafawa, wato kwanakin da kuɗinsa zai yi a kwance. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, a watan Yuli na 2023 kuma Babban Bankin Ghana ya kai kuɗin ruwansa kashi 30. Mutanenmu da yawa ba sa zuwa banki neman bashi, amma ko da kuɗin aljihunka ne, in ya kwanta a jikin mota wata huɗu a irin wannan lokacin, ya rame.

Irin motar ma tana da nata hukunci. Corolla da Vitz da Camry ba sa daɗewa, don kayansu na nan birjik a Magazin da Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Akra, kowane makaniki ya san cikinsu, kuma yaran da ke aikin Uber da Bolt da Yango suna neman ƙaramin injin da ba ya shan mai. Ka kawo masa motar da sai an yi odar kayanta daga waje, komai kyanta, zai taya ta kamar yana zaginka. Ba zagi ba ne, ya san za ta yi masa shekara a fili. Duk wannan na fahimta. Da Alhajin nan ya dube ni ya ce, "Malam, dubu 65 zan iya, ga dalilina," da ko dai in yi albarka in tafi, ko in sallama saboda ina gaggawa, amma da sanina zan yi.

To, mu koma kan lambar da ya tsaya yana kallo. Tun 2009 lambar mota a Ghana take ɗauke da shekarar da aka yi mata rajista a ƙarshenta, kowa na gani daga nesa. Wannan 'yar lamba biyu ta zama ma'auni mafi ƙarfi a kasuwar. Motoci biyu ƙira ɗaya, inji ɗaya, ɗaya lambarta ta ƙare da 17, ɗaya da 22, za ka tarar da tazara mai yawa a kuɗinsu tun kafin a tayar da ko ɗaya. Shi ya sa mutum zai sayi mota a Nuwamba ya yi ta yawo da lambar wucin gadi ta DV har sabuwar shekara ta kama, a yi ta cinkoso a ofishin DVLA, hukumar rajistar motoci, a watan Janairu. A 2025 hukumar ta sanar da shirin cire shekara daga jikin lamba. Ko an cire, takarda za ta faɗa, kuma ɗabi'ar na nan a kanmu.

Akwai gaskiya a cikin ma'aunin. Shekara shida a titunanmu ba wasa ba ce: ramuka, ƙura, man inji na bakin titi, da hannayen koyo da suka taɓa waya. Sai dai lambar tana ba da labarin rayuwar mota daga ranar da ta sauka tashar jirgin ruwa ta Tema ne kawai. Abin da ya same ta kafin ta hau jirgi, lamba ba ta san shi ba. A nan mudu na biyu yake shigowa. Motarka da kai kaɗai ka hau, ka canza mata mai a kan lokaci, ba ta taɓa ko gogar gini ba, za a rage mata daraja saboda ta sha iskar Ghana. Tasa kuwa, da yake ba a yi mata rajista ba, sunanta homyus, wato tsohuwar motar da aka shigo da ita daga ƙasar waje, wadda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira tokumbo ko 'yar Kwatano, kuma wannan sunan kaɗai ya isa a ɗora mata kuɗi, ba mai tambayar yadda ta rabu da mai ita na farko.

Da yawa daga cikinsu, musamman masu zuwa daga Amurka da Kanada, daga gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su, irin su Copart da IAA. Mota ta yi haɗari a can, kamfanin inshora ya ga kuɗin gyara ya kusa kuɗin motar saboda tsadar aikin hannu a ƙasarsu, sai ya biya mai ita ya tura ta gwanjo. Wata bamba ce kawai da fitila suka fashe, kuma wannan in an gyara ta lafiya lau take. Wata kuwa shasi ya lanƙwashe. Wata ruwa ne ya shanye ta, irin ambaliyar guguwar Harvey da ta cinye motoci masu ɗimbin yawa a Houston a 2017, kuma motar da ruwa ya shiga wayoyinta ba ta nuna ciwonta sai bayan watanni. Wata daga inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara ta fito, samanta na ƙyalli, ƙasanta tsatsa ta ci. Duka za a loda su a kwantena, su sauka Tema, su hau babbar mota zuwa Suame.

Ina alfahari da Magazin. Na ga motar da ta shigo gabanta a murƙushe kamar gwangwanin madara, bayan mako uku ta fita ba ka iya nuna inda aka taɓa. Masu miƙe bodi da masu walda da masu fenti a wurin nan gwanaye ne, kuma 'ya'yan zango da yawa da wannan sana'a suka gina gida suka je Makka. Gyara ba laifi ba ne. Laifin yana wurin wanda ya san an gyara, ya tsaya gabanka ya ce ba ta taɓa haɗari ba. Mafi muni shi ne maganar jakar iska. In ta fashe a haɗari, sabuwa na da tsada, sai wasu su liƙe murfin sitiyari babu komai a ciki, su kashe fitilar gargaɗin da ke kan allo. Wanda zai ɗauki iyalinsa ya hau hanyar Kumasi zuwa Akra da dare, tsakanin tireloli da manyan bas, an sayar masa da kariyar da babu ita. Wannan ya wuce maganar riba, maganar rai ce.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa masu shigo da mota suka fi karkata ga masu haɗari, sai na gane wani ɓangare na amsar yana tashar jirgi. Kwastan ba sa duba nawa ka sayo mota a gwanjo. Tun 2020 da aka koma tsarin kwamfutar kwastan mai suna ICUMS, lambar shasi ake sakawa a kwamfuta, a ɗauko kuɗin motar lokacin tana sabuwa, a rage wani kaso saboda shekaru, kuma ragin ba ya wuce rabi ko da ta haura shekara biyar da nisa. A kan wannan ake ɗora diyuti gwargwadon girman inji, da VAT, da harajin inshorar lafiya, da na asusun ilimi, da na ECOWAS, da na Tarayyar Afirka, da sauransu. In ta wuce shekara goma da ƙira akwai tara a kai. Duk lissafin da dala ake yi, a mayar sidi da canjin da kwastan suka sa. A 2019 gwamnati ta yi ragin kashi 30 a kan ƙimar motoci, a 2022 ta mayar da shi kashi 10, daga farkon 2023 ta cire shi gaba ɗaya. Ka ga kenan lafiyayyar mota da murƙusasshiya, in ƙirarsu ɗaya, kusan kuɗi ɗaya za su biya a Tema, jirgi ma kuɗi ɗaya zai karɓa. Wuri ɗaya ya rage wa ɗan kasuwa da zai iya matse kuɗi, shi ne wurin saye. Sai ya nemi wadda ta fi araha a gwanjo, wadda ta fi araha kuwa ita ce wadda ta fi jin ciwo.

A 2020 majalisa ta yi dokar hana shigo da motocin haɗari da waɗanda suka wuce shekara goma, don a ba masu harhaɗa sababbi a gida dama. A shekarar ne Volkswagen ta buɗe wurin harhaɗawa a Akra, Toyota ta biyo a Tema a 2021. Masu shigo da mota da masu kayan gyara suka yi ca, aka dakatar da aiwatar da hanin. Ni ban goyi bayan hanin ba. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti ko mai shago a Alabar, albashinsa da cinikinsa ba za su kai shi ga sabuwa dal ba, kuma in ka rufe wannan ƙofar ka kashe rabin Magazin. A bar su su shigo, amma kowace ta shigo da tarihinta a manne da ita har ranar da za a sayar.

Wannan ba abu ne mai wuya ba. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, tana nan a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba. In daga gwanjon Amurka ta fito, sau da yawa in ka rubuta lambar a intanet za ka ga hotunanta ranar da aka yi gwanjonta, da inda ta bugu, da abin da agogon tafiyarta yake nunawa. Akwai kamfanoni irin su Carfax da ke sayar da cikakken rahoto da kuɗi kaɗan. Mai garejin ya ga waɗannan hotuna, da su ya yi tayi tun farko, suna cikin wayarsa. Kai ne kaɗai a cikin cinikin ba ka gani ba. A lura kuma da agogon: motar Amurka da mil take ƙirga, mil dubu 100 kuwa ya haura kilomita dubu 160. Wani zai ce maka "dubu tamanin kacal ta yi," ya bar ka kana zaton kilomita ne, in ma ba a mayar da agogon baya ba kenan. Taka kuwa, ya karanta nata har lamba ta ƙarshe ya rage kuɗi a kai.

Dala ma da mudu biyu ake auna ta. A farkon 2022 dala ɗaya tana wajen sidi shida, kafin ƙarshen shekarar ta haura goma sha huɗu. A lokacin in ka taya mota da safe ka dawo da yamma, kuɗin ya canza. Hujjarsu ita ce in na sayar a tsohon kuɗi, da me zan sayo wata? Hujja ce mai ƙarfi, na yarda da ita. Amma a 2025, da sidi ya farfaɗo daga sama da goma sha biyar zuwa kusan goma, sai magana ta juya: wannan tsohon kaya ne, da tsada na fito da ita. To wanne za mu riƙe? In kuɗin sayo wata shi ne ma'auni, ya zama ma'auni hawa da sauka. In kuɗin da ka kashe ne, ya zama shi a duka biyun. Kuma ban taɓa jin mai gareji ya ce wa mai kawo musaya, "Dala ta tashi, don haka taka ma ta tashi" ba, alhali ita ma ta tashi ɗin, don in homyus ta yi tsada mutane kan ta gida suke komawa.

Sai dillalai. Ba na raina sana'ar, da ita aka kafa zango. Kakanninmu da suka zo ƙasar Asante fataucin goro, da waɗanda suka riƙe cinikin shanu a garin nan, suna da tsari. Baƙo ya sauka gidan maigida, maigida ya tsaya masa, dillali ya haɗa ciniki, la'ada sananniya ce. In mahauci ya ɗauki sa bashi ya ƙi biya, maigida aka sani. Sunan mutum shi ne jarinsa, in ya ɓaci ya tashi daga kasuwa. Yau mota ɗaya za ka gan ta a shafin talla na Jiji da kuɗi uku mabambanta, a wayoyin mutum biyar, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa riƙe makullinta. Kowa ya ɗora nasa a kan na wanda ya turo masa. Wani zai rako ka a matsayin ɗan unguwa, "Yaya, bar ni da shi, mutumina ne," ya karɓa a hannunka, ya zaga ya karɓa a hannun mai gareji, kuma na bayan ya fi kauri, don haka ka san wa yake yi wa aiki. In giya ta fara fizga bayan mako biyu, wayarsa a kashe. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, haka muka taso muka ji. Akwai kuma wanda ake ajiyewa a gefe, kana cikin ciniki ya iso da sauri yana cewa shi ma jiya ya taya, yanzu zai kawo kuɗi. Wannan shi ne najashi, an hana shi tun zamanin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi.

Na san abin da wani mai gareji zai ce in ya karanta wannan: ku masu kawo motocin fa, waliyyai ne? Yana da gaskiya. Mu ma muna zuba man inji mai kauri don a rufe ƙara da hayaƙi. Muna zuwa wurin mai kwamfuta ya goge fitilar gargaɗi da safen ranar da za mu kai ta. Muna zuwa da inji da ɗumi don kada a ji yadda take wahalar tashi da sanyin safiya. Mutum ya san giyarsa ta kusa mutuwa, shi ya sa ma yake son rabuwa da ita, amma zai rantse lafiyarta ƙalau. Wani ɓangare na ragin da mai gareji yake yi wa kowa, kariya ce daga ƙaryar wasunmu, sai mai gaskiya ya biya bashin maƙaryaci. Kowa na ɓoye wa kowa, kowa na cire wani abu saboda tsoron abin da aka ɓoye masa, kuma a ƙarshe wanda ya fi rashin sani shi ke ɗaukar asarar duka. Yawanci shi ne mai sayen motarsa ta farko, ko bazawarar da ke son sayen Vitz ta ba ɗanta ya yi haya, ko wanda ɗan'uwa ya turo wa kuɗi daga Jamus ya ce a nema wa tsohuwa mota.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne mun san hukuncin, tun muna yara a islamiyya. Mun karanta surar da ta yi wa masu tauye mudu narko, waɗanda in za su karɓa sai an cika musu, in za su ba da kuma su rage. Mun ji hadisin tarin abincin da aka sa jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama. Mun ji an hana barin nono ya taru a hantsar raƙuma ko tunkiya don mai saye ya zaci mai yawan nono ce, aka kuma ba wanda ya saya zaɓi bayan ya tatsa, ya riƙe ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino. Wane bambanci ke tsakanin wannan da mayar da agogon mota baya? Masu garejin nan da yawa a sahu ɗaya muke salla da su, wasu su ke sayen tabarmin masallaci. Ina so in ji limamanmu na Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Tafo sun hau mumbari sun kira abin da sunansa, su ce jakar iska, su ce agogo, su ce la'ada ta bayan fage. Wa'azin algus da ya tsaya kan mudun gero ba ya taɓa mai sayar da Highlander.

Ba sai an jira majalisa ba. Dokar saye da sayarwa ta ƙasar nan tun 1962 take, kuma talaka ba ya kai mai gareji kotu a kan giya. Abin da masu gareji za su iya yi da kansu ƙarami ne: takarda guda mai ɗauke da kuɗin motarsu in kuɗi hannu ne, da kuɗin da suka sayi taka, da ciko, da la'ada da sunan wanda ya karɓa, da lambar shasi, da layi ɗaya da ke cewa ta yi haɗari ko ba ta yi ba. Su bar mai saye ya kai ta wurin mastansa a ɗaga ta a duba ƙasa, tunda su ma sai da suka duba tasa. Wanzami ba ya son jarfa, na sani, amma wanda ya fara yin haka a Kumasi zai ga yadda mutane za su riƙa turo masa 'yan'uwansu. A cikin takardar a sa ranar da za a je DVLA a canza suna, da ƙafarka, ba ta hannun yaran goro, wato dillalan takardu da ke tsaye a bakin ƙofa, ba. Motar da ka bayar musaya tana iya wuce hannu uku da sunanka a kanta, in ta kaɗe mutum ko aka yi ɓarna da ita, ƙofarka za a ƙwanƙwasa. Wadda ka karɓa ma ka bi takardun kwastan ɗinta da kyau. A watan Disamba na 2022 hukumar EOCO mai binciken laifukan kuɗi ta kwashe motoci daga wasu gareji a Akra bisa zargin an sato su daga Amurka da Kanada, kuma in irin wannan ta faɗo hannunka, ka ba da mai tsabta ka karɓi wadda za a ƙwace.

Mu kuma masu mota mu daina buɗe baki da "nawa zan cika." Ka fara gama cinikin tasa kamar ba ka da komai sai kuɗi. In an sallama, sannan ka ce ga tawa, nawa za ka saya? Kafin ka je ka kai ta gareji biyu ko uku su taya, ka tambayi mastanka nawa irinta ta fita a watan nan, don kuɗin da ake rubutawa a talla suna ne kawai, ba shi ake biya ba. In tazarar ta yi yawa kuma ba ka gaggawa, ka sayar da kanka.

Haka na yi. Na sha kiran waya da masu zuwa su buga taya da ƙafa su tafi, har mako biyar. A ƙarshe wata malamar makaranta ta zo da kawunta, tsohon direba. Na gaya musu tana ɗigar mai kaɗan ta ƙasan giya, kuma esi sai an ƙara masa gas kafin zafi. Kawun ya kwanta ƙarƙashinta ya gani da idonsa, ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, "Ɗana, tunda ka faɗa da bakinka, ba za mu daɗe ba." Muka daidaita a dubu 76, washegari muka je muka canza suna.

Da kuɗin a hannu na koma kan RAV4 ɗin, ni da masta. Na roƙi a bar mu mu kai ta Magazin na awa biyu, Alhaji ya ce motarsa ba ta fita daga fili sai an biya. Masta ya ce to a ba shi makulli ya tayar kawai. Ya murɗa, ya zuba wa allon ido, ya kashe, ya sake murɗawa. Fitilar jakar iska, wadda ya kamata ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu, ba ta kama ba ko sau ɗaya. Ya kwafi lambar shasi a bayan hannunsa da biro. A ƙarƙashin wata bishiya a bakin titi ɗansa ya saka ta a waya, hotunan suka fito: gabanta a shige har kusa da gilashi, jakunkunan iska biyu a fashe suna reto a kan sitiyari da gaban kujerar fasinja.

Mako biyu bayan nan na bi ta gaban garejin. Babu ita, wata farar Elantra ce a gurbinta. An saye ta, tana kan titi, kuma mota ce irin wadda mai iyali yake saye.